Aiken Taba: Wa Zai Tsaya Wa Huhun 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya taɓa zaman majalisa bayan sallar isha a Zangon Agege ya san abin da za mu faɗa. Babba zai laluba aljihu, ya ƙwala wa yaro kira: "Kai, zo nan. Ruga tireda ka sayo min kara biyu, ka haɗo da ashana." Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas ya karɓi kuɗi ya sheƙa a guje. Mai tireda ya buɗe kwali, ya zaro, ya miƙa masa ko kai bai ɗaga ba. Yaro ya dawo ya rusuna ya miƙa da hannu biyu, a sa masa albarka, wani lokaci har a bar masa canji ladan aike. Sai babban ya kunna, ya busa, yaron na tsaye a gefe yana kallon yadda ake riƙe ta.

Mutum goma ne zaune a kan tabarmar nan, amma ba wanda zai ce uffan. Mu ma da muke wannan rubutu mun zauna a irin wannan majalisa mun yi gum. Shi ya sa maganar yau da kanmu za mu fara ta, kafin mu kai ga gwamnati ko kamfanonin taba.

Mun san amsar da za a fara ba mu. Za a ce, "Haba, yaushe aka taɓa jin yaro ya kamu da sankarar huhu?" To gaskiya ne, da wuya ƙwarai a samu ƙaramin yaro da wannan ciwo. Likitoci ma haka suka ce. Amma wannan amsa ba ta wanke kowa ba. Sankarar huhu, wadda wasu ke kira kansar huhu ko ciwon dajin huhu, cuta ce mai haƙuri. Takan ɗauki shekara ashirin, talatin, ko fiye, tana tafiya a ɓoye kafin ta bayyana. Magidancin da aka kwantar a asibiti yana da shekara hamsin yana tarin jini, in ka bi sawun ciwonsa, sau da yawa za ka tarar ya faro ne tun ranar da ya ja karan farko a bayan makaranta yana ɗan shekara goma sha uku. Yawancin masu shan taba a duniya kafin su cika shekara 18 suka fara, kuma wanda ya fara da wuri ya fi daɗewa yana sha, haɗarinsa ya fi na wanda ya fara da girmansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuwa tanƙwara shi muke yi, amma ta ɓangaren da zai karye.

Ga abin da masana suka tabbatar. Tun a 1950 wasu masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar shan sigari da sankarar huhu, kuma daga lokacin zuwa yau hujjoji ƙaruwa suke yi. A cikin hayaƙin sigari akwai sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna haddasa sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ne sanadin kusan kashi 85 cikin ɗari na sankarar huhu. A shekarar 2022 kaɗai mutum kusan miliyan 2.5 aka gano suna da ita a duniya, kimanin miliyan 1.8 suka mutu, babu wata sankara da ta kai ta kisa. Taba kuwa gaba ɗaya tana kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su sha da bakinsu ba. Shaƙar hayaƙin wasu ne ya kai su kabari. Wanda ba ya sha amma yake zaune gida ɗaya da mai sha, haɗarin kamuwarsa da sankarar huhu yana ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari.

Yanzu mu dawo gida mu dubi irin ɗakunan da muke kwana. Kowa ya san gidan haya a Legas: dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, taga ɗaya ƙarama wadda katangar maƙwabci ta toshe. A cikin ɗaki ɗaya miji da mata da 'ya'ya huɗu ko biyar. Idan maigida ya kunna taba a nan, ba shi kaɗai yake sha ba, har jaririn da ke kan gado yana sha tare da shi. Yaro ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba, sai ya haura shekara ashirin yake kammala. Abin da babba zai shaƙa ya yi tari biyu ya wuce, shi ne zai kwantar da yaro. Ba sai an jira shekara talatin ba ma. Tun yanzu hayaƙin yana jawo wa yara ciwon haƙarƙari, yana tayar da asma, yana kawo ciwon kunne, yana kuma cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar jarirai farat ɗaya cikin barci. Mai ciki da ke shaƙarsa tana iya haihuwar jariri ɗan firit marar nauyi. Sai mu yi ta zaryar kemis muna sayen maganin tari, muna cewa sanyin damina ne, alhali sanyin yana cikin aljihun maigida.

Wasu na ganin sun yi dabara: "Ai ni a bakin taga nake sha." Ko kuma, "Sai yara sun yi barci." Hayaƙi bai san iyakar taga ba, mai barci kuma numfashi yake yi. Bayan haka dafin yana manne wa labule da katifa da riga, yaro mai rarrafe ya taɓa ya kai hannu baki. Mafita ɗaya ce, kada a kunna ta cikin gida sam. Wanda bai iya dainawa yau ba, to ya fita waje can nesa da yara, kafin Allah ya ba shi ikon bari.

Sai 'yan'uwanmu masu tireda da masu shayi da masu faifan talla. Da yawa daga cikin ƙananan shagunan da ke kan kwana a Agege, da Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12, na mutanenmu ne. Abin alfahari ne, neman halal ne, da shi ake aika wa iyaye kuɗi a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Amma a dubi yadda ake jera kaya: alewa da cingam da biskit a nan, kwalin sigari a buɗe a gefensu, daidai tsayin idon ɗan firamare. Ana sayar da ita kara-kara, a farashin da kuɗin tara na yaro zai iya saye. Wannan sayarwar ɗai-ɗai ita ce babbar ƙofar da yara ke shiga. Yaron da ba zai iya sayen kwali ba zai iya sayen kara ɗaya, kuma sinadarin nikotin da ke cikinta ba ya buƙatar dogon lokaci kafin ya kama ƙwaƙwalwar matashi.

Da yawanmu ba su san cewa wannan laifi ne a dokar ƙasa ba. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta hana a sa yaro ya sayar da ita, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Nan Jihar Legas ma tun a 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka yi dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, kuma a cikinta shan taba a gaban yaro laifi ne mai hukuncin tara ko ɗauri. Shekara goma ke nan da ɗoriya. A tambayi kowa a unguwar nan, wa ya taɓa ganin mai tireda ya kori yaro ya ce "je ka ce babanka ya zo da kansa"? Dokar tana nan a takarda, mu kuma muna nan muna take ta safe da yamma.

Mai tireda zai ce, "Idan ban sayar ba, na gaba zai sayar, abincina kuke so ku taɓa?" Malam, ba wanda ya ce ka rufe shago. Ribar kara biyun da ka miƙa wa ɗan maƙwabcinka nawa take? Ta kai kuɗin gado na kwana ɗaya a asibiti? Kai da kanka ba za ka yarda wani ya miƙa wa ɗanka ba. Batun na gaba zai sayar kuwa, ai shi ya sa muke da ƙungiyoyi. Mun iya haɗa kai a kan farashin goro da kuɗin haraji da rikicin rumfa. In masu tireda na layi ɗaya suka yi magana ɗaya cewa ba a ba yaro taba, na gaban da ake tsoro ba zai samu ba.

Ga kuma sabuwar fitina, shisha. Samarinmu, har da 'yan mata, sun ɗauke ta wayewa. Ana zuba mata ƙamshin tuffa da na'ana'a, ana cewa ai ruwan da ke cikin tulun yana tace dafin. Ƙarya ce. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ya sa a ja shi can cikin ƙirji ba tare da ya ƙona maƙogwaro ba. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zaman shisha na awa ɗaya mutum na iya shaƙar hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau ɗari ko fiye, ga kuma gubar gawayin da ake ɗora mata. Uban da zai kusa kashe ɗansa da duka in ya kama shi da sigari, shi ne zai ga tulun shisha a wajen biki ya kau da kai, ya ce yayin zamani ne. Haka ma ɗan bututun nan na lantarki mai ƙamshin alewa da ya fara yawo a hannun 'yan sakandare. Nikotin ne a cikin yawancinsu, kuma igiya ɗaya suke ɗaura wa yaro.

Taba ce babbar maƙiyiya, amma ba ita kaɗai ke cika ƙirjin 'ya'yanmu ba. Wani rahoton Bankin Duniya da ya fito a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a shekarar 2018, kuma kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka mutu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A sake karanta wannan jimla. Hukumar binciken sankara ta duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu a 2012, ta sanya gurɓatacciyar iskar gari a 2013. Wanda ya tsaya minti goma a ƙarƙashin gadar Pen Cinema da yamma, lokacin da danfo da tireloli suka cushe, ba ya buƙatar rahoto, hancinsa zai gaya masa. A nan ne kuma muke tura yara tallar ruwan leda da goro, a nan almajirai ke yini suna bin gilasan motoci, bakinsu daidai da bututun hayaƙi.

Wannan na titi ne. Na cikin gida fa? An ɗauke wuta, kowane ɗaki ya jawo ɗan janaretonsa ya ajiye a lungu, gab da ƙofar da yara ke kwance, wai kada ɓarayi su ɗauke. Sau nawa muka ji labarin iyali guda da aka wayi gari aka tarar ba rai saboda hayaƙin janareto? Wannan shi ne mai kisan gaggawa, iska ce marar wari marar launi. Mai kisan sannu kuma shi ne baƙin ƙurar da ake shaƙa dare bayan dare. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da dama sun koma gawayi da itace, uwa na fifita wuta a lungu marar iska da goyo a bayanta. Bola muna ƙona ta a bakin kwata, har da leda da roba. Wasu na babbaka ganda da ƙafar sa da tsofaffin tayoyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe layi. Da dare kuma a rufe ƙofa da taga a kunna maganin sauro mai hayaƙi a kusa da kan yara har asuba. Kowane ɗaya a cikin waɗannan muna ganinsa ƙarami. Huhun yaro ɗaya ne ke karɓar su duka.

Akwai maganganu uku da ake kashe bakin mai nasiha da su a unguwar nan, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: "Kakana ya sha taba har ya shekara casa'in." Allah ya jiƙan kaka. Amma ina abokan shansa? Su ba sa nan balle su ba da labari. Ana tsallaka titin Abekuta a guje ba tare da an duba ba a tsira, wannan bai sa mu koya wa 'ya'yanmu su rufe ido su tsallaka ba.

Na biyu: "Ajali ne, in kwana ya ƙare ko ba taba sai an tafi." Babu mai musun ajali a cikinmu. Amma mutumin da ke faɗin haka shi ne ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu, shi ne ke tsawata wa ɗansa in ya matsa kusa da layin dogo. Me ya sa bai bar shagon a buɗe ya ce rabo ne ba? Sai a kan taba kaɗai muke tuna ƙaddara. Kuma ko da babba ya zaɓar wa kansa, wa ya ba shi izinin zaɓar wa jaririn da bai iya magana ba? 'Ya'ya amana ne, malamanmu kullum suna faɗa, numfashinsu ma yana cikin amanar.

Na uku, wanda ya fi nauyi: "Talauci ne. Ina kuɗin gas? Ina filin ajiye janareto? Ku je ku gaya wa gwamnati." Wannan akwai gaskiya a ciki, ba za mu ƙi ta ba. Da akwai tsayayyiyar wutar lantarki da janareto bai shigo lungu ba. Da ana kwashe shara a kan kari da ba a ƙona ta ba. Da hukumomi na aiwatar da dokokin da suka rubuta da kansu, da ba mu kai nan ba. Haƙƙinmu ne mu matsa wa kansilolinmu da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha, tunda muna biyan haraji muna kuma jefa ƙuri'a. Amma a gaya mana, nawa ake biya kafin mutum ya fita waje da tabarsa? Nawa ne kuɗin daina aiken yaro? Nawa ake kashewa a sauke goyo a miƙa wa maƙwabciya kafin a hura gawayi? Taba ma ai cin kuɗin talaka take yi. Mai shan kara biyar a rana ya lissafa abin da yake ƙonawa a wata, ya gani ko bai sayi gidan sauro ya rage wani abu na cefane ba.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfinmu a ciki ba. Daga yau kada babba ya sake aiken yaro sayen taba, ko ashanar kunna ta, kuma wanda ya gani a majalisa ya yi magana, cikin ladabi amma ya yi. Kada a sha taba ko shisha a ɗaki, ko a lungun gida, ko cikin mota da Keke Napep da yara a ciki. Masu tireda su sauke kwalin sigari daga gefen alewa, su daina miƙa wa yaro ko da ya ce aiko shi aka yi. Masu gidajen haya da 'yan haya su zauna su fitar da wuri ɗaya a waje, nesa da tagogi, su haɗa kuɗi a yi wa janareto kejin ƙarfe. A yi girkin gawayi da itace a sarari inda iska ke wucewa, yara su yi nesa da murhu. A daina ƙona leda da taya. A koma gidan sauro. Mai aikin gini ko gyaran rufi kuma ya kiyayi fasa tsohon silin da kwanon asbestos a inda yara ke wasa, domin ƙurarsa ma tana haddasa sankarar huhu.

Muna kira ga Mai Girma Sarkin Hausawan Agege da 'yan majalisarsa su tara shugabannin masu tireda da masu shayi a yi wannan alkawari a bainar jama'a. Muna roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan haƙƙin yaro na shaƙar iska mai tsabta, ko da a makon 31 ga Mayu ne, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da shan taba. Malaman Islamiyya da na allo su ma yaran nan a gabansu suke yini, kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takarda ɗari. Iyayenmu mata kuwa, ku ne kuke kwana a zaune in yaro na tari, kuna da bakin cewa "Malam, don Allah a fita da ita waje." Ba rashin kunya ba ne.

Kada kuma a zauna da tari a gida. Tarin da ya wuce mako biyu, ga yaro ko babba, a je asibiti. Yana iya zama tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati kuma ana warkewa. Babban da ya daɗe yana shan taba, in ya ga jini a majinar tari, ko ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili, ko numfashi na yi masa wuya, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Ga Babban Asibitin Orile-Agege kusa da mu, ga asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, ga na Idi-Araba da ke da cibiyar kula da masu sankara. Abin da ya sa wannan ciwo ke kisa da yawa shi ne ba a zuwa sai ya ci jiki. Wanda kuma ya daina sha, ko yana da shekara nawa, haɗarinsa raguwa yake yi shekara bayan shekara, don haka kada wani ya ce lokaci ya ƙure masa.

Kakanninmu sun biyo hanyar goro da layin dogo suka sauka a Agege, suka yi haƙuri da baƙunta don na bayansu su ji daɗi. Mu ma abin da ya zaunar da mu a Kurmi ke nan, neman abin da za mu bar wa 'ya'ya. Muna tara musu kuɗin makaranta, muna sayen fili a gida da sunansu, muna addu'ar su binne mu. Sai ga shi da hannunmu muke ba su kuɗi mu ce su rugo su sayo mana abin da zai cinye ƙirjinsu. Yau da dare ma za a yi majalisa, wani zai laluba aljihu ya kira yaro. Muna fatan a samu mutum ɗaya a kan tabarmar da zai ce, "Alhaji, bar yaron nan ya je ya kwanta."

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ba masu sha ikon dainawa.